DAGA DANTCHIAO ZUWA MAIGATARI: WA KE TACE SAƘONNIN DA KE SHIGO MANA A WAYA?

Duk wanda ya san ƙasar Magariya da Dungas ya san cewa iyakar da Turawa suka shata tsakaninmu da Nijeriya ba ta taɓa hana ƙafa tafiya ba, balle ta hana magana. Mutumin Dantchiao yana noman gero da gyaɗa da wake a Nijar, ya kora bijiminsa kasuwar Maigatari ran Alhamis, a biya shi da naira, ya komo gida ya biya haraji da sefa. Tun da wayar salula ta zama ruwan dare, wannan zama na ƙafa biyu ya shiga har cikin aljihu. Da wuya ka iske ɗan kasuwa a wannan yanki wanda ba shi da layi biyu, ɗaya mai 227 a gaba, ɗaya mai 234, domin a wasu garuruwan bakin iyaka rezon Nijeriya ya fi namu kamawa. Layi biyu kuwa ƙofa biyu ke nan, kuma ta kowace ƙofa akwai masu shigowa ba sallama.

Masu karatu sun san baƙin da nake nufi. Wani saƙo ya ce ka ci mota a gasar da ba ka taɓa shiga ba. Wani ya kira da murya mai taushi, ya ce daga kamfanin waya yake, za a rufe layinka in ba ka karanto masa lambobin da aka aiko maka yanzu-yanzu ba. Wani ya ce ya yi kuskure ya tura maka jika ashirin, don girman Allah ka mayar masa, marar lafiya gare shi a asibiti. Ga saƙon shaida ma ya shigo, sai dai daga wayarsa ya rubuto shi, kamfani bai san da zancen ba. Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu rabon: alkawarin canjin wurin aiki zuwa Yamai, ko gurbin aiki a wata ƙungiyar agaji, muddin an fara aika kuɗin takardu.

A ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka, mafi yawan irin waɗannan saƙonni ba su isa gaban mai waya, akwai rariyar da ke tare su a hanya. A wajenmu rariyar tana zuba. Dalilin zubarta ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su sani, domin wani ɓangaren gyaran yana hannunsu.

Cutar dai ta girmi wayar salula. Ran 3 ga Mayu 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika talla guda ga mutane wajen 400 a lokaci ɗaya ta hanyar sadarwar da ta haifi intanet. Aka yi masa ca, amma hanya ta riga ta buɗe. Mu kuwa ta gidan waya abin ya fara zo mana. Waɗanda suka yi aikin biro a shekarun 1980 da 1990 suna tune da wasiƙun nan masu hatimi da sa hannu da ke fitowa daga Legas, inda wani wai babban jami'i ke neman amintaccen mutum da zai ajiye masa miliyoyi. Su ne ake kira 419, lambar sashen dokar laifuffuka ta Nijeriya da ke hukunta cin dukiyar mutane da yaudara. Wanda ya fi yin suna a wannan sana'a shi ne Emmanuel Nwude, tsohon darektan banki, wanda tsakanin 1995 da 1998 ya yaudari wani jami'in bankin Noroeste na ƙasar Barazil da kwangilar filin jirgin saman da babu shi, aka kwashe dala miliyan 242. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kotu a Legas ta ɗaure shi a 2005.

Wasiƙar da tana bukatar takarda da ambulan da kan sarki, saboda haka sai mai aikowa ya zaɓi wanda zai rubuta wa. Saƙon yau kusan kyauta ne, shi ya sa ake watsa shi kamar iri a gonar da ba a share ba. A 2008 masu bincike na jami'ar Kalifoniya sun kutsa cikin wata babbar hanyar watsa saƙonnin banza suka ƙirga: cikin saƙon tallan magani wajen miliyan 350, mutum 28 kacal suka nemi saye. Da wannan ɗan tsiron ake ci gaba da sana'ar. Wani mai bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya ƙara bayani a 2012 kan abin da ke ba mutane mamaki, wato me ya sa ƙaryar ƴan damfara take fitowa fili haka, har yaro ma ya gane. Ya nuna cewa hakan riba ce gare su. Mai wayo zai goge nan take, ya hutar da su. Wanda ya amsa shi ne wanda ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Ashe ɗan damfara ma da tasa rariyar.

YADDA RARIYAR KE AIKI

Da farko masana sun gwada hana wasu kalmomi. Aka ce duk saƙon da ke ɗauke da kalma kaza a tare shi. Masu aikowa suka riƙa canja harafi ɗaya, ko su sa lamba a madadinsa, saƙo ya wuce abinsa. A watan Agusta 2002 wani masanin kwamfuta, Paul Graham, ya yaɗa wata dabara da ta dogara ga lissafin Thomas Bayes, wani limamin coci na Ingila da ya rasu tun 1761. Dabarar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ganin mace tana shiƙa. Ya tara saƙonninsa tuli biyu, na kirki wajen 4000, na banza wajen 4000, ya sa kwamfuta ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a kowane tuli. In sabon saƙo ya zo, sai ta ɗauki kalmomi 15 da suka fi nuna alama, ta auna, ta ga ko tsaba ce ko ƙaiƙayi. Ya ce da wannan, cikin saƙon banza 1000 bai kai 5 ba suke kuɓuce masa. Rariyoyin yau sun fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, amma tushen bai canja ba.

To, ina so mai karatu ya tsaya a kan tambaya ɗaya. Wa ya ware tulin nan biyu tun farko? Mutum ne. Kwamfuta ba ta san ƙarya ba, ba ta san gaskiya ba, abin da aka nuna mata kawai take kwatantawa. Duk lokacin da wani ya ce wannan saƙo na banza ne, ya kai rahotonsa, ya ƙara hatsi a ɗaya tulin. Duk lokacin da wani ya tsamo saƙon kirki daga kwandon shara ya ce an yi kuskure, ya ƙara a ɗayan. Wannan na biyu ma ya fi muhimmanci a ganina, domin rariyar da ta cika matsi ɓarnarta ta fi ta mai zuba. Ma'aikacin da takardar kiransa zuwa jarrabawa ta faɗa kwandon shara ya yi asarar da ta fi ta wanda ya karanta tallan maganin basir goma.

Yanzu sai a duba halin da muke ciki. Tulin da manyan kamfanoni suka tara, na Ingilishi ne da Faransanci da wasu manyan harsuna. Hausa kaɗan ce a ciki, ita ma kowa da irin rubutunsa: na Nijar daban, na Nijeriya daban, wani ya gauraya da Faransanci, wani da Ingilishi. Sa'an nan yawancin mutanenmu na karkara ba rubutu suke yi ba, murya suke aikawa, ɗan damfara ma kira yake yi kai tsaye da Hausar da ta fi taka daɗi. WhatsApp kuwa tun watan Afrilu 2016 yake kulle saƙonni ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karanta su. Abin da ya rage masa shi ne duban take-taken lamba, kamar sabon layi ya riƙa aika saƙo ga ɗaruruwan mutanen da ba su san shi ba, sai kuma rahoton jama'a. In ka kai rahoton wata lamba, saƙonni biyar na ƙarshe da ta aiko maka su ake tura wa kamfanin ya duba. A 2019 kamfanin ya ce yana rufe layuka wajen miliyan 2 a kowane wata.

Mu kuwa me muke yi? Mu yi tsaki, mu goge, mu wuce. Wanda aka cuta ma ya fi kowa yin shiru. Alhajin da ya yi shekara talatin yana ciniki ba a taɓa zambatarsa a mudu ba, yaya za a yi ya tsaya gaban yaran shagonsa ya ce wani ya yaudare shi ta waya? Sai ya haɗiye, ya ce ƙaddara ce. Lambar da ta cuce shi ta wuce kan maƙwabcinsa da tsarkinta.

An ga illar wannan ƙuru-ƙuru a farkon 2023. Babban bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoba 2022 cewa zai canja takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin suka fara janyewa, sababbin ba su wadata ba, har sai da kotun ƙoli ta sa baki ran 3 ga Maris 2023. A waɗannan makonni tsabar kuɗi ta yi wuya a kasuwannin iyaka, ciniki ya koma tura kuɗi ta waya. A da, dillali da mai masauki su ne rariyar kasuwar dabbobi: sun san mai saye, sun san mai sayarwa, a gabansu ake ƙirga kuɗi, la'adar da suke ci ladan wannan shaida ce. Da tsabar kuɗi ta ɓace, sai saƙon banki, wanda ake kira alat, ya hau kujerar shaida. Alhali kuwa saƙo kowa na iya rubuta irinsa, kuma kuɗi ba su shiga ba sai an duba asusu an gan su zaune. Mutumin Nijar wanda ba shi da asusu a bankin Nijeriya, ya karɓi kuɗinsa ta asusun aboki ko na mai na'urar POS, shi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin in abu ya lalace banki bai san shi ba, mai asusu kaɗai ya sani.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙarin ta hanyar rajistar layuka. A ƙarshen 2013 an yanke kusan kashi ɗaya bisa uku na layukan salula a Nijar saboda masu su ba su yi rajista ba. A Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC ta ci kamfanin MTN tara mai nauyi a 2015 kan layuka fiye da miliyan 5 marasa rajista, kuma tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Amma rajista littafi ce kawai. Ba ta kama ɓarawo sai wani ya zo da lamba ya ce a duba masa wannan.

KAI ƘARA MA SANA'A CE

A nan akwai abin koyo daga wasu mutane da suka yi nisa da kasuwar dabbobi, wato masu rubuta manhajojin kwamfuta na kyauta, irin su Linux da wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Yawancinsu ƴan sa-kai ne, a warwatse cikin duniya, ba su da masu bincike da za su aika gida-gida. Idonsu shi ne masu amfani da kayansu. Kuskuren manhaja suna kiransa ƙwaro, har ana ba da labarin wani ƙwaron fitila da aka ciro daga cikin wata kwamfutar jami'ar Harvard ran 9 ga Satumba 1947, aka manna shi a littafin aiki. Tun 1998, da masu Mozilla suka fito da rajistarsu mai suna Bugzilla, ƙa'idar karɓar ƙorafi ta zauna a wajensu. Wanda ya zo ya ce abin ba ya aiki, ba a yi masa komai, sai a tambaye shi: me ka yi, me ka zaci zai faru, me ya faru, da wace na'ura, a wane lokaci? In ya amsa, a ba ƙorafinsa lamba, a damƙa shi a hannun mutum guda da sunansa. In wani ya riga ya kawo irinsa, a haɗa su wuri ɗaya, yawansu ya nuna girman matsalar. Kowa kuma yana iya dubawa ya ga inda maganarsa ta kwana.

Ma'aikatanmu za su yi murmushi, domin wannan ba baƙonsu ba ne. Rajistar courrier arrivée ce da kowane sakatare ya sani: kwanan wata, lamba, wanda ya aiko, wanda aka miƙa wa. Bambancin shi ne su suna buɗe tasu rajistar kowa ya gani, tamu kuwa takan kwana a aljihun tebur, mai ƙara ya yi ta zarya ana ce masa ya komo jibi.

Wani abu da ya faru a 2024 ya nuna darajar ƙorafi mai kyau, ya kuma nuna haɗarin na banza. XZ wata ƙaramar manhaja ce mai matse bayanai, tana cikin mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke tafiya a kansu. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita ba albashi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, yana kawo gyare-gyare masu kyau, ba ya neman komai. A 2022 wasu sunaye da ba wanda ya san su suka tasa Collin a gaba da ƙorafi, wai aiki ya tsaya, ya kamata ya ba wani. Kowane mai shago ya san wannan wasa: a dame ka da surutu har ka gaji, ka miƙa mabuɗi ga yaron da ya fi kowa ladabi. Haka aka yi. A watannin Fabrairu da Maris 2024 sabon mataimakin ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar, wadda da ta yaɗu, da ta ba shi ikon shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Wani injiniya Bajamushe mai aiki a Microsoft, Andres Freund, shi ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar wajen rabin sakan fiye da yadda ya saba. Bai yi tsaki ya wuce ba. Ya bi diddigi, ran 29 ga Maris ya kai rahoto dalla-dalla, wanda kowane masani zai iya gwadawa ya gani da idonsa, aka janye manhajar kafin ta isa ga yawancin jama'a.

Ƙofar ƙorafin kanta yanzu ta fara cika da ƙaiƙayi. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai kula da manhajar curl, ya ce a 2025 wajen 5 cikin 100 ne kawai na rahotannin tsaro da ake kawo musu suke da gaskiya, da yawa kuma na'urar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta su don kwaɗayin ladan da ake ba wanda ya gano kuskure. A farkon 2026 aka soke ladan. Ma'aikacin da masu ƙarar ƙarya suka gajiyar yakan koma kallon kowane mai sallama da ido ɗaya, mai gaskiya ya biya bashin da bai ci ba.

To, mutumin Dantchiao da aka cuta, ina zai dosa? In layin Nijeriya ne, hanya a shimfiɗe take ko da ba ta da santsi. Ya fara kai ƙara wajen kamfanin layin, ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a biya masa bukata ba ya kira 622, layin kyauta na hukumar NCC. Tun 2016 kuma akwai lamba 2442, wadda in ka aika mata kalmar STOP kamfani zai daina turo maka tallace-tallace, ko da yake ɗan damfara bai san wannan doka ba. A Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, ita ke sa ido a kan kamfanonin waya, kuma doka mai lamba 2019-33 ta ran 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci ga masu zamba ta hanyar sadarwa. Ana iya shigar da ƙara wajen jandarma ko ƴan sanda. Ko'ina mutum ya je, abin da za a nema gare shi ɗaya ne da na masu manhaja: lambar da ta kira, rana da sa'a, adadin kuɗi, lambar shaidar turawa, da saƙon kansa. Saboda haka kada fushi ya sa a goge saƙo. Wanda ba ya karatu ya sa ɗansa ɗan lakwal ya ɗauki hotonsa, ya kuma kwafe lambobin a takarda tun ranar, kafin waya ta faɗa ruwa ko a sace ta. A nemi lambar ƙorafi kafin a bar gaban tebur, domin ita ce za a riƙe a komo da ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarar da ta ratsa iyaka, kuma a ƙasar Magariya da Dungas irinta ba ta da wuyar samu. An cuci mutum yana zaune a Nijar, da layin Nijeriya, kuɗin suka faɗa asusun da ke Kano ko Legas. Jandarman Magariya ba shi da ikon buɗe rajistar kamfanin da ke Nijeriya, hukumar Abuja kuwa masu layinta take saurare, layin ma sau da yawa da sunan wani ɗan'uwa na Babura ko Gumel aka yi masa rajista. Ƙarar sai ta faɗa tsakanin kujeru biyu na hukuma, ba wanda ya ba ta lamba, ba tulin da ta shiga. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, wadda ta saba zama kan ruwa da hanyoyi da cinikin iyaka. A ganina wannan magana ta isa shiga ajandarta. Kafin nan, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da shugabannin dillalai na Magariya da Dungas da Maigatari suna iya buɗe littafi guda a kowace kasuwa, a ɗora shi a hannun mutum ɗaya sananne, duk lambar da ta yi zamba a rubuta ta da rana da adadi, ba sai an sa sunan wanda aka cuta ba, don a rufa wa alhazai asiri. Ran kasuwa a karanta sababbin lambobi a gaban dillalai, ƙarshen wata kuma a kai kofi ɗaya wajen jandarma, ɗaya wajen kamfanonin waya na kowane ɓangare.